Musayar 'Yan Fari

Da kuɗin tallafin ya iso, kowane gari ya nuna halinsa. Wata gidauniya ce ta ce za ta taimaka wa ƙungiyoyin unguwa a Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa su yi wa ƙananan yara da matasa wani abu, kowa ya zaɓi abin da ya fi damunsa. Mutanen Ƙanƙara suka share fili suka kafa raga, samari suka sami inda za su riƙa karya ƙafafun juna cikin lumana. Na Sabuwa suka sayi kekunan ɗinki. Su kuwa matan wata unguwa a bakin garin Faskari, rumfar kwano suka kafa, suka shimfiɗa tabarmi, suka ce wurin wasa da yara ne. Maza suka sha dariya a majalisa. Wasa da yaro ma sai an nemo tallafi daga birni?

Hajaratu ta ji dariyar ta kan katanga, amma ita ba ta yi ba. Ɗanta ya doshi shekara uku bai taɓa ce mata komai ba.

Ba kurma ba ne. In murfin tukunya ya faɗi zai juyo, in akuyar maƙwabta ta yi kuka zai je ya leƙa ta. An kai shi asibiti, an duba kunne an duba harshe, aka ce lafiya lau. An sha rubutu har allon malam ya gane shi. Yaro dai ga shi nan, mai ƙiba, mai tsabta, idanu manya-manya, yana kallon duniya bakinsa a rufe.

Shi ne ɗanta na fari, kuma sunan mahaifin mijinta aka sa masa, Badamasi. Kunya biyu ke nan a kan yaro ɗaya. Uwa ta gari, yadda aka tarbiyyantar da Hajaratu a Daudawa, ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa, ba ta zuba masa ido a gaban mutane. In ya faɗi, wani ne zai ɗaga shi. In an yabe shi, sai ta kau da kai kamar ana maganar ɗan wata. Kuma a can wannan bai taɓa cutar da kowa ba, don gida ne cike da baki. Tun kafin a yaye shi surukarta, Dada, ta ƙwace shi. Da yake sunan mijinta gare shi, Dada ba ta kiransa sai da Maigida. Tun safe za ta ɗora shi a cinya tana yi masa ƙorafin cefane, tana tuhumarsa da rowa, tana ce masa in bai kawo goro ba yau ba tuwo. Yaro ya yi ta ɓaɓɓaka dariya, har ya fara haɗa 'yan sautuka yana mayar mata.

Sai zaman ƙauye ya gagara saboda 'yan bindiga, gida ya watse, kowa ya nufi inda yake da ɗan'uwa. Dada ba ta jure tashin ba, damina ɗaya ta yi a Faskari Allah ya karɓi abarsa. Salihu, mijin Hajaratu, ya kama ɗaki ɗaya a gidan haya, yana hawa kekensa zuwa gonakin Mairuwa ƙwadago, ya dawo a gajiye. Shi ma yaron ɗan farinsa ne, kuma sunan ubansa, iyakarsa ya dafa kan yaron in zai wuce. Ɗaki ya zama na mutum biyu daga safe har yamma. Hajaratu na yi masa wanka, ta shafe shi da mai, ta tsame masa tsokar da ta fi laushi a miya, duk idonta a gefe. Ba mai kallonta, ta sani. Amma abin da aka saba da shi tun ana yarinya ba ya tambayar ko akwai mai kallo. Sautukan da Dada ta bari a bakin yaron suka bushe ɗaya bayan ɗaya, tana gani, tana jin zafin abin har ƙasan ranta, ba ta san ta inda za ta ɓullo ba.

Malama Amatullah ce ta yi sallama wata safiya. Tsohuwar ma'aikaciyar asibiti ce, ita ta ja ƙungiyar matan unguwar har aka sami tallafin, kuma Allah ya ba ta muryar da ba ta buƙatar lasifika. Ta dubi yaron, ta dubi uwar.

"Ki kawo mani shi rumfa gobe. Akwai kunun gyaɗa, in ma don shi za ki zo, ki zo."

A rumfa akwai motocin kara, da gwangwanaye cike da tsakuwa masu kacau-kacau, da 'yan littattafai masu hotuna da yara suka fi son ɗanɗanawa a kan dubawa. Bayan an sha kunu Malama Amatullah ta tafa hannu ta ce kowace uwa ta zaunar da ɗanta a gabanta, ta kalle shi ido cikin ido, ta kira sunansa, ta yi masa magana. Ta ce yaro da kunne yake fara magana kafin baki, abin da aka zuba masa shi zai zubo.

Masu goyon na huɗu da na biyar suka kama ba wata wahala, rumfa ta cika da surutu. Amma can gefen gabas akwai jerin 'yan mata masu 'yan fari, sun zauna kamar an zo gaisuwar mutuwa. Wannan na duban kwanon rumfa, waccan ta gano wani zare a bakin hijabinta da ya zama dole a cire shi yanzu. Yaransu na zaune a gabansu suna jiran abin da ba ya zuwa. Malama ta yi lallashi, ta yi faɗa, ta kawo hadisin tausayin yara. Suka ce "to, Malama," ba wadda ta motsa.

Kusa da Hajaratu wata baƙar siririya ce mai suna Larai, daga wani ƙauyen Sabuwa, ita ma gudun ya kawo ta. Tun da aka zauna bakinta bai huta ba, ta yi sharhin kunun, ta yi na tabarmar, ta yi na takalmin Malama. Abu ɗaya ne a duniya Larai ba ta da ta cewa a kansa, wata 'yar yarinya mai kitso biyu da ke zaune a gabanta. Da faɗan Malama ya yi yawa, sai Larai ta sa ƙafa ta turo yarinyar a hankali wajen Hajaratu, ta miƙa hannu ta jawo Badamasi.

"Ke, ba ni naki, ga wagga. In ba haka ba matar nan ba ta barinmu mu tahi gida."

Hajaratu ta dubi yarinyar da aka ajiye mata. Ba tata ba ce, ba abin kunya a tsakaninsu. Ta tambayi wata a gefe sunanta, aka ce Nana Aisha. Abin da ya biyo baya ita kanta ya ba ta mamaki. Ashe tana da baki. Ashe duk ƙorafin cefanen Dada, da muryoyin da take canzawa, da wasan tafiyar yatsu daga tafin hannu zuwa hammata, suna nan ajiye a cikinta. Ta kira Nana Aisha amarya, ta tambaye ta wa ya yi mata wannan kitso na rowa, yarinya ta ƙyalƙyale har da faɗuwa. Kafin a tashi duk jerin gabas an yi musaya, kowace na rungume da ɗan wata tana zuba kamar an buɗe famfo.

Malama Amatullah ta tsaya a kansu riƙe da ƙugu. 

"Ba haka na rubuta wa mutanen nan ba," ta ce. "Amma dai ana magana. Ku ci gaba."

Haka aka yi ta yi har damina ta ratsa. Ranakun rumfa Hajaratu kan riga kowa zuwa, ta ajiye yaron kusa da inda Larai ke zama kamar ta manta shi a wurin, ta ɗauki Nana Aisha. Bakinta na wajen yarinyar, kunnenta duka biyu na can tabarmar Larai. Larai kuwa ba ta san lallashi ba. Ƙwace masa mota take yi ta ɓoye a baya, ta ce ba za ta bayar ba sai ya biya kuɗin mai. Yaro ya miƙa hannu, ta ce ita ba ta jin yaren hannu. Ya yi fushi, ya yi kuka, ta ce kukan ma ba Hausa ba ne.

Ana cikin haka wata ranar, dawa ta fara fitar da kai, Hajaratu ta ji wata 'yar murya a shaƙe, wadda ba ta taɓa ji ba amma ta gane ta nan take.

"Ba ni."

Rumfa ta ɗauki guɗa. Larai ta ɗaga shi sama tana juyi, Malama na hamdala da muryar da sai da aka ji ta a masallaci. Hajaratu ba ta juyo ba. Ta sunkuyar da kai ta kama kitson Nana Aisha tana warwarewa tana sake kamawa, har yarinyar ta ce mata da zafi. Farin cikin da ta ji ranar bai da wurin fita, sai ya tafi cikin miya, ta zuba man da ya kamata ya kai su mako.

Da Salihu ya dawo ta ajiye masa tuwo, ta ce tana duban bango, "An ce yaron nan ya yi magana yau."

"An ce? Ke kina ina?"

"Ina wurin."

"To mi aka ce ya ce?"

Ta faɗa masa. Salihu ya yi dariya har ya ƙware, ya ce lallai jinin gidansu ne, da roƙo ya fara. Da zai fita masallaci ya dafa kan yaron kamar kullum, sai dai hannun ya daɗe a wurin.

Daga nan kalmomi suka riƙa zuwa, akuya, mota, kunu, a'a. A'a ta fi yawa. Amma duk a rumfa suke zuwa, kuma a rumfa suke kwana. Da sun shigo ɗaki yaro zai koma yadda yake, ya zauna da gwangwaninsa, in yana son ruwa ya ja bakin zanenta. Rannan kuma ya yi tuntuɓe a bakin rumfa ya faɗi, ya tashi da kuka, ya wuce Hajaratu da ke kusa da shi, ya tafi da gudu ya faɗa jikin Larai yana cewa, "Inna." Mata suka yi dariya, Hajaratu ma ta taya su. Kishi ne ya kama ta, tsagwaronsa, irin wanda ba ta taɓa yi a kan namiji ba. Ta so Larai, ta gode mata, kuma a wannan lokacin da za a ba ta dama da ta fizge ɗanta daga hannunta.

Gab da kaka Malama Amatullah ta sanar cewa gidauniya za ta turo mai dubawa, daga abin da ta gani za a san ko za a sabunta tallafin.

"Don Allah, ranar kowa ta riƙe nata. Awa guda ce. Uwa da ɗanta na ce masu, kada ku sa a ce na yi ƙarya da furfurata."

Jerin gabas suka yi alkawari, kuma da zuciya ɗaya suka yi. Ranar kowace ta zauna da nata a gaba, a sandare. Amma da aka ji tsayuwar mota, aka ga baƙuwa ta doso rumfa, a ce a gaban baƙuwa mace za ta kalli ɗan farinta tana yi masa gwalangwaso? Ba wadda ta yi shawara da wata. Yara kawai aka ga suna wucewa hannu zuwa hannu, kafin baƙuwar ta cire takalmi kowa ya koma wurin uwar aronsa. Malama ta rufe ido ta ambaci Allah.

Baƙuwar, Hajiya Fatima Zahra'u, dattijuwa ce mai tabarau, ba ta son kujera. Ta zagaya ta zo ta zauna a tabarmar Hajaratu, ta saurari yadda take hira da Nana Aisha.

"Masha Allah, ɗiyar nan taki akwai baki. Da wane wata aka haife ta?"

Hajaratu ta dubi yarinyar. Ta san abincin da yarinyar ba ta so, ta san inda ake taɓawa ta yi dariya, amma wannan ba ta sani ba. Daga can Larai ta amsa, tana kallon wani wuri daban, "Da azumi ne, Hajiya. Haka na ji an ce."

Hajiya ta sauke tabarau ta dubi Larai da yaron da ke cinyarta, ta dubi jerin gabas ɗaya bayan ɗaya. Sai ta fara dariya, marar sauti, kafaɗunta na girgiza.

"Ina naki?" ta tambayi Hajaratu.

Hajaratu ta nuna da haɓa. "Shina can."

"Ni ma 'yar fari ce," in ji Hajiya, ta rage murya yadda su biyu kawai za su ji. "Har uwata ta koma ga Allah ban taɓa jin sunana a bakinta ba. In ta ga na rame sai ta aiko ƙanwata da fura, ta ce wai ta yi masu yawa. Na san tana sona, ban taɓa shakka ba. Amma mu gidanmu akwai kaka, akwai gwaggo, akwai wanda zai kira ni sau ɗari kafin azahar." Ta waiwaya ta dubi yaron. "Shi a gida wa ke kiran shi?"

Hajaratu ta dubi tabarma. Hajiya ba ta matsa ba, ta dafa gwiwarta ta tashi. A bakin mota ta ce wa Malama za ta faɗi abin da ta gani yadda ta gan shi, musayar da komai, kuma ita abin ya burge ta, amma ba ita ke yankewa ba, sai bayan sabuwar shekara za a ji. Kafin nan kuɗin kunu ya ƙare, mata kuma duk sun nufi gona, aka naɗe tabarmi aka kai ɗakin Malama.

A makon ne Larai ta zo sallama. Ƙauyensu ya ɗan lafa, mijinta ya ce su koma su kwashe abin da ya rage a gona, in da hali su zauna. Ta zo da ƙullin kuka da daddawa, ta zauna ta yi surutun awa guda a kan tsadar mota. Da za ta tafi ta ɗauki Badamasi ta matse shi, ta ce saura ya manta da ita, ɗan rowa. Hajaratu ta goya Nana Aisha ta raka su har bakin titi, a can aka yi musaya ta ƙarshe, kowace ta karɓi nata ba tare da ta dube shi ba.

"Ki riƙa yi mai magana," in ji Larai, ta shiga mota. "Ni ma zan gwada da wagga. In na mutu da kunya ki zo gaisuwa."

Kwanaki suka wuce ɗaki shiru. Ba akuya, ba mota, ko a'a ɗin ma babu. Hajaratu ta san wannan shirun, ta taɓa ganin yadda yake farawa bayan Dada, ta kuma san inda yake kaiwa. Tsoro ya hana ta sakewa.

Wata ranar da hantsi, matan gidan hayar duk sun tafi roron wake, tana zaune tana tsince tsakuwa a faifai, sai ta ga inuwa a bakin ƙofa. Yaron ne tsaye jikin labule, takalmansa a hannu. Rumfa yake son a tafi. Bai ja zanenta ba, bai yi kuka ba, tsayawa kawai ya yi yana jira.

Abin da za ta ce ba shi da yawa, babu rumfa yau. Ta ajiye faifai, ta ɗago kai ta dube shi sosai, irin duban da take yi wa 'yar Larai. Ga goshin surukinta, ga idanun Salihu, ga wani ɗan lotsawa a haɓa da ba ta san na wane ne ba sai da ta tuna madubi. Shi ma ita yake kallo. Za ta yi magana ke nan, kunya ta rufe ta tun daga ƙafa, ta ja mayafinta ta lulluɓe fuska, hawaye suka zubo. Wace irin uwa ce wannan, da za ta iya da ɗan kowa ban da nata?

Ta ji takalma sun faɗi ƙasa, ta ji 'yan sawu. Wani ɗan hannu ya kama mayafin ya ja. Fuskarsa dab da tata, yana leƙen inda ta shiga. Ta yi sauri ta mayar da mayafin, don da gaske take ɓuya. Ya sake ja, wannan karon da ƙarfi, sai ya ƙyalƙyale da dariya. Shi a wurinsa wasa aka fara.

Ta sake rufewa. A ƙarƙashin mayafin ba ta ganin kowa, sai hasken rana da ke ratso zaren. Nan ta ji bakinta ya ɗan saki.

"Wane ne wanga mai ja mani mayafi?" Muryar ta fito a dushe.

Hannun ya tsaya. Bai taɓa jin wannan muryar ta nufo shi ba. Hajaratu ta nemi gafarar surukinta a zuci, Allah ya ji ƙansa, ai shi ma ba zai so takwaransa ya zauna bebe ba. 

"Badamasi ne?"

Mayafi ya zame. Yaron ya dube ta, ya dubi bakinta, kamar yana son ya ga ta inda abin ya fito. Ya ɗauki gefen mayafin da hannu biyu ya mayar mata a fuska da kansa, a karkace, rabin kunnenta a waje.

"Ƙara," ya ce.

Ta ƙara. Ta kira shi ya ja, ta kira shi ya ja, tana dariya hawaye na shiga mata baki. Tana tsakiyar tambayarsa ina goron da ya yi wa Dada alkawari, ta ji ƙarar keke ya tsaya a ƙofar ɗaki. Salihu ne, yau an tashi aiki da wuri. Labule ne kawai tsakaninsu, ta san ya ji sunan ubansa a bakinta, da rana tsaka. Ta kama mayafin ta riƙe.

"Ƙara," in ji yaron, yana jijjiga mata gwiwa.

A waje ba a yi sallama ba, ba a yi gyaran murya ba. Can sai ta ji ana tura keken a hankali, ana komawa da shi ta hanyar masallaci, an riƙe sarƙar don kada ta yi ƙara.

Hajaratu ta ja mayafin ta rufe fuska, ta sake kiran ɗanta.